Kafson da Na Barbaɗa wa Ƙafarta

Ni mutum ne mai son kowane abu a wurinsa. Haka nake tun ina aiki a masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta, haka kuma na tafiyar da gidana a Makera. Har magani yana da doka. Idan likita ya rubuta wa wani na kwana bakwai, ya sha na uku ya ji sauƙi, sai in karɓi sauran in adana a gwangwani, don a ganina shan magani bayan an warke almubazzaranci ne.

Maiɗakina tana da ciwon suga. Wata rana ta taka ƙusa a bakin rijiya, wurin ya ƙi warkewa. Na yi abin da na ga manya suna yi tun ina ƙarami. Na wanke da ruwan gishiri, na ɓalle kafso ja da rawaya, na barbaɗa garin a kan gyambon, na ɗaure. Safe da yamma, ban taɓa tsallakewa ba. Da hakan bai yi ba na ba ta na gwangwani ta sha. Daga nan mai kemis ɗin layinmu ya yi mata allura. Sai da ƙafar ta kumbura ta fara wari sannan muka tafi asibiti.

A gadon da ke kusa da nata akwai wata dattijuwa daga Mahuta, mai sayar da doya, da aka yi wa aiki a ciki. 'Yarta ce ke jinyarta. A asibiti ba a rowa, don haka robar wanka ɗaya suke amfani da ita. 'Yar takan ɗaga wa maiɗakina ƙafa ta gyara mata, sannan ta juya ta gyara wa uwarta bandeji.

"Baba, ka je ka huta mana," takan ce mini. "Mama tana hannuna."

"Ƙyale shi, 'yata," in ji maiɗakina. "Idan bai tsaya yana harara ba, ruwan nan da ake ƙara mini ba zai sauka ba."

Da sakamakon gwaji ya fito, likitar ta kira ni ta nuna mini takarda. Sunayen magunguna ne a jere, kowanne da harafi a gabansa.

"Baba, duk inda ka ga wannan harafin, ƙwayar cutar ba ta jin maganin."

Na bi da yatsa daga sama har ƙasa. Harafin iri ɗaya ne, sai na ƙarshe kaɗai ya bambanta. Ta tambaye ni me aka ba ta a gida. Na faɗa mata daki-daki, ta bar ni na gama.

"Magani rabi-rabi ba ya kashe su duka," ta ce. "Masu taurin kan ne ke saura su hayayyafa. Amma mai yiwuwa a nan ta ɗauka. Ba mu sani ba."

Da ta ce laifina ne da ya fi mini sauƙi.

Ranar aka mayar da maiɗakina wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, ita kaɗai. Ba 'yan dubiya. Ni ma sai na wanke hannu na sa safar roba kafin in shiga. Aka fara ɗura mata maganin ƙarshen nan ta jijiya. Bayan 'yan kwanaki na ga 'yar dattijuwar a ƙofar ɗakin da ke fuskantar namu, da safar roba a hannunta.

"Sun ce uwata ta kamu da irin na Mama," ta ce.

Na ce Allah ya ba ta lafiya. Ta amsa ba ta dube ni ba.

Sai fitsarin maiɗakina ya ragu. Likitar ta ce maganin ya fara taɓa ƙoda. In an ci gaba ƙoda za ta tsaya, in an daina ciwon zai hau sama. Saura yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

"Da ƙafa biyu na shigo gidanka, Malam," ta ce da na gaya mata. "Kai ni gida."

"Jikoki suna gida, kada su ɗauka," na ce. "Kin ga abin da ya sami maƙwabciyarki."

Ta juya fuska bango. Bayan la'asar ta ce a kawo takardar amincewa da yankan. Ta dangwala yatsa, ni na sa hannu a ƙasa.

"Ka karɓo ƙafar," ta ce. "A naɗe ta da farin ƙyalle, ka binne ta da hannunka. Kada ka bari a jefar."

Na tambayi likitar ko bayan wannan shi ke nan. Ta ce in cutar ba ta shiga jini ba. Na ce yaushe za a sani. Ta ce sai an jira.

Washegari aka tura maiɗakina ɗakin tiyata. Na zauna a benci da yadi ɗaya na farin ƙyalle a cinyata.