Yatsun Fintan Mulvey

A Dublin ta wancan zamani, in ana maganar kyan rubutu, Fintan Mulvey ake nufi. Ɗan masaƙi ne, bai iya zance ba, ko labarin dariya ya ɗauko sai ya kashe shi a hanya. Amma ba shi alƙalami ka sha kallo.

Shi ya sa Dakta Tully ya neme shi. Tsohon likitan nan harshe gare shi kamar aska, yana rubuta takardun ba'a ga mahukuntan London da suka hana a fitar da ulun Ireland, masaƙa na kwana da yunwa. Mai irin wannan rubutu ba ya sa suna, ba ya kuma kai wa maɗaba'a rubutun hannunsa. Wani ke kwafewa, a ƙone na asalin. Shekara tara Fintan na kwafa. Wata ba'ar ma bai gane ta ba sai ya ji ana ƙyaƙyatawa a kasuwa.

Ran nan hukuma ta fasa maɗaba'ar, ta samu takarda guda mai rubutun hannun Fintan. Aka yi shela duk magatakardan unguwar su zo ran Litinin, kowa ya rubuta layi biyu a gaban alƙali, a gane mai rubutun.

"Ka faɗi sunan likitan mana!" in ji matarsa Honora. "Yana can yana cin gasasshen nama, mu dankali ma gagarar mu yake."

"Abin da nake tsoro ke nan, Honora. In suka matsa ni zan faɗa. Na san kaina."

"To ka ɓata rubutun."

"Na gwada. Hannun ya ƙi."

Ran Asabar ya shiga wurin maƙerin unguwa, ya ɗora yatsunsa na dama a kan uwar maƙera.

"Kai, Fintan, da sassafe ka sha giya?" in ji maƙerin. Da ya ji dalili sai ya cire hula, ya ɗauki guduma.

Ran Litinin alƙali ya dubi hannun Fintan a karye, ɗaure da tsumma, ya yi ƙwafa, ya sallame shi. Ba a kama kowa ba. Likitan ya samu wani mai kwafa, Fintan ya koma sharar coci. Wannan kam har yau yana ci min rai.

Bayan shekaru, ranar da aka binne likitan, gari duk ya fito, ana karanta takardunsa a bakin kabari. Fintan na can baya, yana bin kowane layi da ka, muryarsa na fita.

Wani ya waiwayo ya ce, "Tsoho, yi mana shiru. Me ka sani a harkar rubutu?"

Fintan ya cusa karyayyun yatsunsa a aljihu.