Osumanu Tafinta da Sunan da Bai Shiga Littafi ba

Ina 'yar shekara bakwai na fara jin sunansa. Ranar babbar salla ce a gidanmu na unguwar Nima da ke Ankara, babban birnin ƙasarmu, gidan haya mai ɗaki goma sha huɗu da famfo ɗaya. Kakata ta wajen uwa, Kaka Ƙaltume, tana rabon nama a kwanuka, ni kuma ina kaiwa ɗaki-ɗaki. Da ta cika kwano na ƙarshe sai ta turo mini shi ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, "Wannan na Osumanu Tafinta ne. Ki ajiye a bakin ƙofa. Kada ki ce ni na aiko."

Ban san wanda take nufi ba sai da ta nuna ɗakin ƙarshe, na kusa da kwata. Mu yara Baba Mai Gadi muke ce wa tsohon, don yana gadin wani shagon katako a unguwar Adabraka. Da na dawo na tambayi mahaifiyata, Mma Asana, sai ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanen kakarki ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kada ki ƙara tambaya."

Haka na tashi ina ganin su. Tsakar gida ɗaya, layin famfo ɗaya, amma ko gaisuwa ba ta haɗa su. Shi kullum in zai wuce ƙofarta sai ya rage tafiya, kamar mai jiran a kira shi. Ba a taɓa kiran sa ba.

A 1986 ina aji uku a sakandare, malaminmu na labarin ƙasa, Ticha Braimah, ya ba mu aiki: kowa ya rubuto gundumar da iyayensa suka fito, kogunanta, garuruwanta, yawan mutanenta, da masu mulkinta, sannan ya jera sunayen danginsa. Ni dai abin da na sani shi ne mun fito daga bakin kogin Volta, can arewa, kuma garinmu yana ƙarƙashin tafki tun da aka datse kogin. Mma ta ce, "Ki je ɗakin ƙarshe. Duk Nima babu wanda ya kai shi sanin wannan ƙasa."

Na same shi da la'asar yana ɗinke takalminsa.

Ya ce, "A'a, amarya! Yau kin tuna kina da miji?"

Na ce, "Mijin da ba haƙori? Na fasa, Kaka. Aikin makaranta ya kawo ni."

Da ya ji abin da nake so sai ya ajiye takalmin, ya ɗauki gawayi a murhun maƙwabciya, ya durƙusa a kan siminti. Ya ja layi mai lanƙwasa, ya ce kogi ke nan. Ya ja masa rafuka uku. Sannan ya shiga ɗiga tungaye yana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya: Mashigin Shanu, inda fatake ke ƙetarar da dabbobi, Tsibirin Gishiri, Tungan Rimi, garinmu. Ya nuna inda manoman doya suke a kan tudu, da inda masunta suke a gaɓa, da unguwar Hausawa a bayan kasuwa. Ya ce ƙasa ta sarkin ƙasa ce, baƙi Musulmi suna ƙarƙashin sarkin zango, kowace tunga da mai unguwarta, sannan dukkansu suna amsa kiran ofishin gunduma, wanda yake tafiyar kwana biyu a kwalekwale daga garinmu. Hanyar mota ɗaya ce tak, ita ma da damina ba ta biyuwa.

Na ce, "Kaka, yaya aka yi ka riƙe duk wannan?"

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa akawun gunduma a kwalekwale ina yi masa tafinta. Tunga talatin da ɗaya, babu wadda ban sha ruwanta ba. Goma sha tara cikinsu yanzu kifi ne ke zaune a ciki."

"Mutum nawa ne a gundumar?"

"Dubu tara da ɗari huɗu da goma sha biyu aka rubuta." Ya murza gawayin. "Da goma sha huɗu ya kamata a rubuta. Zauna, Adiza."

Wannan ne karo na farko da ya kira ni da sunana. Na zauna, ya ba ni labarin da gidanmu ya daɗe yana kauce wa.

A 1963, kafin ruwa ya taso, aka aiko a ƙidaya mutanen gaɓa, domin duk magidancin da sunansa ya shiga littafi za a ba shi ɗaki a sabon gari a kan tudu. Akawun da aka turo mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa. A wata tunga ya kama Osumanu yana ƙara bayani daga bakinsa, sai ya zarge shi da cusa 'yan'uwa, ya ce daga yau abin da aka faɗa shi kaɗai zai juya, in ya ƙara ko kalma ɗaya zai sa ya tuɓe kakinsa na aiki ya ajiye.

Bayan kwana huɗu suka iso Tungan Rimi. Mijin Kaka Ƙaltume ya riga ya rasu, ita ce babbar gida. Akawu ya buɗe littafi, ya ce ta faɗi sunayen 'ya'yanta. Ta fara daga Asana, mahaifiyata, ta sauka har auta. Shida. Ɗanta na fari, Jibirilu, yana can cikin rafi da amaryarsa suna kamun kifi, kuma Kaka mace ce mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take cewa.

Ya ce mini, "Ta gama ta dubi ƙasa. Jira take in faɗa, domin haka al'adar take: uwa ta yi shiru, nata ya faɗa. Ni kuma na dubi akawu, na tuna kakina. Na ce a raina bari mu koma kwalekwale in lallaɓa shi. Da muka koma sai na ce bari mu isa ofis. Da muka isa aka ce littafi ya tafi Ankara."

Da aka zo kwashe mutane, babu ɗaki da sunan Jibirilu. Gidan uwarsa a sabon gari ciki ɗaya ne, mutum bakwai a ciki, ba inda zai sa mata. Sai ya kafa bukka a bakin ruwa. Kowace shekara ruwa ya matso, shi kuma ya ja baya. A shekara ta huɗu, yana dawowa daga cin kasuwa, kwalekwalensa ya hau kan kututturen wata bishiya da ruwa ya rufe, ya tsage. Kwana uku ana neman sa. Matarsa ta koma wurin danginta.

Lokacin Osumanu yana nan Ankara. Ya ajiye aikin da ya yi shiru dominsa, ya biyo littafin, yana zarya daga ofis zuwa ofis yana roƙon a ƙara suna biyu. A bakin wani ofis labarin rasuwar ya same shi. Da Kaka ta kasa zama kusa da tafkin ta kwaso iyali zuwa Nima, shi ya nema musu ɗaki a gidan da yake. Ta karɓi makulli a hannun Mma, ba a nasa ba.

Na ce, "Ka taɓa ba ta haƙuri?"

Ya ce, "Sau ɗaya. Na ce, Yaya, ki yafe mini. Ta ce wa bango, wa ke magana? To ina jira. Ba na son ɗayanmu ya shiga ƙasa a haka."

Washegari da hantsi, Asabar ce, na ɗauki littafina na zauna gaban Kaka tana tsince shinkafa. Ban yi shi da wata dabara ba, sauran aikina ke nan, jerin dangi. Osumanu yana bakin famfo yana wanke rigarsa, taku goma tsakaninmu.

Na ce, "Kaka, 'ya'yanki nawa?"

Ta ce, "Ke ba ki san iyayenki ba? Rubuta Asana."

Na rubuta. Ta jera su har auta, ina bi. Na ƙirga na ce, "Shida."

Ta dubi faifan shinkafarta. Ruwan famfo ya cika bokiti yana zuba. Sai na ji muryar Osumanu daga can, duk gidan ma ya ji.

"Bakwai ne. Jibirilu ne na fari. Jibirilu ɗan Ƙasimu, na Tungan Rimi, da matarsa Abibata."

Matan da ke girki suka tsaya cak. Mma ta fito bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ni kuwa alƙalami ya ƙi motsi a hannuna.

Kaka ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Me kike jira? Rubuta abin da ya ce." Na rubuta, a sama da sunan Mma. Ta ce in nuna mata, ko da yake ba ta karatun boko. Ta ɗora yatsa a kan layin, ta daɗe. Sannan ta ce, "Yau bakinsa ya buɗe, bayan shekara ashirin da uku." Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai azahar.

Ba zan ce sun shirya ba, don ba haka aka yi ba. Abin da ya canza kaɗan ne. Da safe in zai tafi Adabraka yakan tsaya ya ce, "Yaya, ina kwana." Ita kuma daga ciki ta ce, "Lafiya." Ke nan. Shekara huɗu yana samun wannan kalma ɗaya, kuma na ga yadda yake gyara hula kafin ya je karɓarta. Kalmar yafiya kuwa bai taɓa ji ba. Kaka ta rasu a 1990, cikin azumi, ba ta faɗe ta ba, sunan ɗanta ma ba ta faɗa ba. Da aka dawo daga maƙabarta na ji yana gaya wa Mma, "Na daɗe ina cewa ni take ƙi. Yanzu ina ganin in ta dube ni, shirunta take tunawa."

Shi ma bai daɗe ba. Idonsa ya yi rauni, aka sallame shi daga gadi, ya koma zaman tabarma a ƙofar ɗaki. In ka zauna kusa da shi sai ya fara jera tungaye daga Mashigin Shanu, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Ya rasu a 1994, wata biyu kafin bikina. Allah ya jiƙan sa, ya jiƙan ta, ya jiƙan wanda ruwa ya tafi da shi.

Ranar da aka sa ranar aurena na kai masa goro. Ya shinshina, ya ce, "Amarya, ashe da gaske kin fasa ni." Muka yi dariya. Sai ya lalubo hannuna ya riƙe.

Ya ce, "Abu ɗaya nake roƙon ki. In Allah ya ba ki ɗan fari, tsofaffi za su ce ki yi kunya. Ki yi, ban hana ba. Amma in mai littafi ya zo ƙofarki, kada ki jira kowa ya faɗa miki. Ki faɗi sunansa da bakinki, ki tsaya har ki ga an rubuta."