Ranar da Aka Sa wa Tan-tan Sabon Tiyo

Matso nan kusa ka ji, don maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Ni ba mai yawo ba ce, ƙafata ba ta wuce ƙofar gida sai da dalili, karatuna ma bai yi nisa ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina cikin ɗaki zan gaya maka wanda ya shigo zaure daga yadda yake jan takalminsa.

Da wannan kunnen na zauna da maigidana a Tsafe har muka yi furfura. Malam nake ce masa. Sana'arsa tuƙin tan-tan, tarakta ke nan, wata tsohuwa ja da ta ga hannuwa da yawa kafin ta zo nasa. Da damina yana yi wa mutane huɗa har wajejen Bilbis. In ya dawo da la'asar, akwai wani kwalbati a bakin layinmu da sai ya ƙara ɗaga garma kafin ya haura. A nan ne tiyon da ke kai mai wurin ƙarfen ɗagawa yake yin wani tsiii, kamar an watsa albasa cikin mai mai zafi. Da na ji, sai in fara kwashe tuwo.

Yoyo ne, ba wani abu ba. Tiyon ya tsage kusa da kan ƙarfen da ke bakinsa, Malam kuma kullum sai ya yanko robar tsohon tayar keke ya naɗe wurin. Ni ke wanki, ni na san abin da man nan yake yi wa riga. Na yi mita har na gaji, in ce ya sayi sabo mu huta. Sai ya yi dariya ya ce ai mai niyyar zama da motarsa ɗaure ta yake yi, lallaɓa ta yake yi. Ya ce ranar da ya je sayen wannan, tun kafin a faɗa masa wacce ce ta sayarwa ya gane ta, don ita kaɗai ce ke da sababbin ƙarafa masu ƙyalli a jikinta. Wannan labarin na ji shi ya fi a ƙirga, har ina riga shi kai ƙarshe.

Sai ciwo ya zo. Wata safiya ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Magana ba ta ɗauke duka ba, amma ta koma wani guri-guri da ba mai fahimta sai ni. Damina biyu tan-tan tana tsaye ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Kowace safiya sai an fito da shi zaure an jingina shi inda zai riƙa hango ta. Makullinta na cikin aljihun gaban rigarsa, ko wanki zan yi sai na mayar masa cikin wadda zai sa.

Babban ɗanmu da ke Gusau shi ke kai shi asibiti, shi ne kuma ya ce lokaci ya yi da za a sayar da ita, magani ba ya jira, mota kuma ruɓewa take yi a tsaye. Ya samo wani Alhaji daga Nahuce, can ƙasar Bunguɗu, suka daidaita, da sharaɗin a gyara yoyon kafin a zo ɗauka. Ya ce kada a gaya wa Baba tukuna, jininsa zai hau. Ni aka bar wa in san abin da zan ce masa. Na tsuguna gaban Malam na ce masa za a gyara ta ne don ya same ta a shirye in ya warke. Ya yi murmushi da rabin bakin da ke motsi. Tunda aka kawo ni gidansa ban taɓa shirya masa ƙarya irin wannan ba.

Ƙanensa ne ya zo gyaran, bakanike ne, kuma ya san komai. Tsakanina da shi wasa ne tun ina amarya. Yana ajiye akwatin sifanu ya leƙo ya ce, “Matarmu, yau dai za a raba ki da mitar wanki. Mi za ki ba ni?”

Na ce, “Sabulu zan ba ka, ko Allah ya sa a ga kalar hannunka kafin ka mutu.”

Malam ya yi dariya har da tari.

Na zauna a bakin ƙofar zaure na zama tafinta. Ƙanen ya ɗauki sifana zai kama noti, Malam ya buga sandarsa a ƙasa ya yi magana. Na ce wai garmar tana kan ƙasa dai, amma a fara kaɗa hannun ɗagawa gaba da baya, ko akwai sauran ƙarfin mai a ciki. Ƙanen ya ce mota ta shekara biyu a kwance, wane ƙarfi ya rage mata, amma ya yi. Aka tura tsohuwar robar wankina a ƙarƙashi. Ya sa sifana biyu, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta juya. Notin sama ya zo da sauƙi, na ƙasa ya ƙi, tsatsa ta cinye shi, sai da aka jiƙa shi da kananzir aka bar shi har muka sha fura. Da ya saki, wani baƙin mai ya tsiyayo, kauri kamar kunun da ya kwana. Malam ya sa na yago tsumma mai tsabta aka toshe bakunan biyu kada ƙasa ta shiga.

Irin wannan tiyon ba a sayensa da baki, sai an ɗauki tsohon an kai an gwada tsawo da kauri da irin kawunansa. Washegari ƙanen ya hau mota ya tafi Gusau da shi a cikin buhu. Da hantsi ya kira ni a waya, na shige ɗaki na amsa. Ya ce masu injin matse kawunan a jikin tiyo suna tambaya, a yanko tsofaffin kawunan a mayar a sabon tiyo, ko a sa sababbi? Ya ce Alhaji dai ya fi son komai sabo. Na ce to a sa sababbi mana. Ko gezau ban yi ba. Ni da na haddace labarin nan na ƙarafa masu ƙyalli, wallahi bai faɗo mini a rai ba.

Sai a kwana na uku ya dawo. Malam ya miƙa hannun hagu, aka ɗora masa sabon tiyon a cinya. Baƙi wuluk, kawunan nan biyu suna ɗaukar ido kamar sabon cokali. Ya daɗe yana shafa su da babban yatsa. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi ƙanensa, ya miƙa masa. Ya koma ya jingina, ni kuma na ɗauka gajiya ce.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Ƙanen ya hura cikin tiyon, ya fara ɗaura notin da yatsu har ya zauna daidai, sannan ya sa sifana. Malam ya sake buga sanda, na ce wai tiyon ya murɗe, a sassauta a miƙe shi, kuma a kauce da shi daga ƙarfen da ya goge tsohon. Aka zuba sabon mai, aka aro batir a wurin maƙwabci. Malam da kansa ya zaro makulli ya bayar. Ta yi tari sau uku ta tashi, hayaƙi ya cika layi, kaji suka watse. Aka ɗaga garma aka sauke, aka ɗaga aka sauke, don iska ta fita. Ƙanen ya kai hannu zai shafa ya ji ko da yoyo, Malam ya yi wata tsawa da ba ta buƙatar tafinta. Man nan in ya fito da ƙarfi fata yake hudawa. Aka yago kwali aka kara. Ya fito a bushe.

Ni kuwa kunne na kasa. Garma ta tashi sama sumul, babu tsiii. Abin da na shekara da shekaru ina roƙo ke nan, sai na ji kamar an kawo wata baƙuwar mota ƙofar gidana.

Ƙanen ya tafi wanke hannu don an kira azahar. Muka rage mu biyu. Ina tattara kwanukan fura Malam ya kama bakin zanena. A hankali ya yi maganar, kuma tunda ya kwanta ban ji ta fita sarai haka ba.

“Wane gari za ta?”

Na tsaya da kwano a hannu. Na so in ce wacce yake nufi, na kasa.

Na ce, “Nahuce, Malam.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce ƙasar can tana da kyau. Ya ce tun ranar da na tsuguna gabansa ya ji muryata ba daidai ba, amma ya ce bari dai ya gani, ko da gaske ne. Kawunan ne suka gama gaya masa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce kwana ukun nan ya ji daɗinsu, ya daɗe bai yi aiki ba.

Da Alhajin ya zo da direbansa, ni ce dai na tsaya bayan ƙofa ina faɗin abin da Malam ke cewa. A bar ta ta yi ɗumi da safe kafin a ɗora mata garma. Giya ta biyu tana fita in an hau tudu, a riƙe ta da hannu. Kada a ba yara. Alhaji yana ta cewa in sha Allahu, Baba. Suka ja ta, na bi ta da kunne har kwalbati, na ji ta haura shiru.

Daga ranar bai sake cewa a fito da shi zaure ba. Kafin a yanke gero ya rasu, Allah ya jiƙansa. Tsohon tiyon ƙanensa ya dawo mini da shi a buhu, yana bayan ƙofar ɗakina, da robar da ya naɗa da hannunsa, da ƙullinsa. Tabon mai ma yana nan a gindin darbejiya, ruwa bai wanke shi ba, ni kuma na hana a zuba ƙasa.

Ɗana yana cewa mun yi daidai. Ƙanen Malam ba ya son a tayar da zancen. Ni dai har yau ban san ko kyauta na yi masa da kwana ukun nan ba, ko kuwa barinsa na yi ya ji labarin daga bakin ƙarfe, alhali ina zaune kusa da shi. Kai da ka saurare ni har nan, da kai ne ka tsuguna a gabansa ranar farko, me za ka ce masa?