Jaki a Gindin Kwandon Ustaz

Jiya na bi ta bayan makarantarmu ta Wad Haddad, na tarar wani ya ɗaure jaki a jikin ƙarfen kwandon ƙwallon da marigayi Ustaz ya kafa da hannunsa. Wallahi raina ya ɓaci.

Shi ya koya mana ƙwallon kwando, bayan ya daɗe yana bugawa a Madani. Wata shekara lokacin cirar auduga babana ya hana ni zuwa fili, ga wasanmu da 'yan Sinnar saura kwana uku. Sai ga Ustaz a hawasharmu, gonarmu ta auduga, ya naɗe jallabiya, ya rataya buhu, ya shiga cira. Ɓawon auduga ya tsattsage masa yatsu.

Baba ya ce, "Haba Ustaz, kada ka ba ni kunya."

Ya ce, "Alhaji, na ba ka hantsina, ka ba ni ɗanka da la'asar."

Da la'asar ya jefo mini ƙwallo, da jininsa a jikinta.

Na buɗe baki zan yi wa mai jakin faɗa, sai na tuna ni kaina ban taɓa share filin ba tun rasuwarsa.

Allah ya jiƙan Ustaz, kada ya bar shi da irin riƙon da muka yi masa.