Sunan Ɗan Fari a Biron Girefiye

Da muna yara a Filinge, in mutum zai ba ɗansa gona, inuwar gawo yake nema da dattawa uku. Ya faɗa, su ce sun ji, a yi fatiha, a watse. In rigima ta tashi bayan shekaru, waɗannan dattawan za a nemo, ko ƴaƴansu da suka ji daga bakinsu. Yanzu sai an zo gari, an zauna kan benci, an sayi tambur, wato kan sarkin da ake manna wa takarda, an jira mai hatimi. Ban ce wancan ya fi wannan ba. Na ga shaidun baki sun mance, na kuma ga takarda da gara ta cinye.

Shekara talatin da wani abu na yi a waje. Na yi dako a Kumasi, na sayar da yadi a Abijan, na yi gadi a Sabha, na sauke farali na ƙara wata takwas ina ɗinkin hula. Ko'ina na kwaso harshe kaɗan. Da na komo gida sai zama ya gagare ni. In na zauna ƙofar gida, ƙafata ce ke kaɗawa. In mota ta wuce ta hanyar Yamai, sai na bi ta da ido har ta ɓace. Shi ya sa da aka ce gidan shari'a na neman tafinta, ban tambayi komai ba, na tafi.

A Yamai akwai masu aikin da ake kira noter, su ke tabbatar da kyauta da wasiyya da wakilci. A wurinmu girefiye, wato magatakardan gidan shari'a, shi ke riƙe da wannan aiki. Wanda na taras Bazabarme ne, bai kai arba'in ba, Hausarsa ta cinikin kasuwa ce kawai. Ranar farko ya sa na ɗaga hannu na rantse ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Sannan ya jera mini ƙa'idodinsa yana buga biro, wato teburin aikinsa, da yatsa. Sai ya ga mutum da idonsa, ya ga katinsa na shaida. Sai ya tabbata hankalinsa na jikinsa, ba kuma tura shi aka yi ba. Sai an karanta masa takardar duka, har abin da bai tambaya ba. Shaidu biyu, ba dangi ba. Abin da aka faɗa a ɗakin kuma nan yake kwana. A Abijan na ga ana sa hannu a madadin wanda ke kwance a wani gari, don haka na ɗauka faɗa ce irin ta ranar farko. Ashe shi da gaske yake.

Wata safiya cikin bazara, ana jiran ruwan shuka, aka shigo da wani tsoho Bafillace daga wajen Tondikandiya, irin waɗanda suka zauna suna noma suna kiwo. Ɗansa na biyu ne ke riƙe da shi, mutum mai furfura a gemu shi ma. Tsohon na numfashi kamar ya hau tudu. Yana da garka a cikin kwari, da rijiyar siminti, da mangwaro ƴan ƙwarori. Ɗansa na fari ne ya haƙa rijiyar kafin ya tafi neman abinci gabar teku, kuma tsohon na so a rubuta garkar da sunansa tun yana da rai, kada ta faɗa cikin rabon gado. Ƴan'uwan tsohon sun riga sun fara zagayen wurin suna ƙirga itace da ido. Motar da ta kawo su za ta juya kafin la'asar, don ba mai son yamma ta same shi a hanyar nan yanzu saboda rashin tsaro. Kowa a ɗakin ya ga cewa tsohon ba zai sake yin wannan tafiya ba.

Aka fara lafiya. Girefiye ya dubi kati, ya dubi fuska. Ya ce in tambaye shi ina yake yanzu.

Tsohon ya ce, “Filinge mana. Shi bai san inda yake ba?”

Na fassara, girefiye ya yi dariya ya rubuta. Aka kira shaidu biyu daga benci, wani mai gyaran keke da wani limamin unguwa. Sai aka zo wurin da ake cewa wa za a ba.

Tsohon ya ce, “Wancan.”

Na ce, “Baffa, wane wancan?”

“Wanda ya tahi.”

Nan na gane. Ɗan fari ne. A wurinmu ma uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle su da kunyarsu ta ninka tamu. Tun ranar suna bai furta shi ba. In zai kira shi sai ya ce kai, ko ya aiki wani.

Takardar haihuwar ɗan na kan biro, ƙanen ya kawo ta, sunan na kallona. Na duba agogon bango, na duba tsohon. Sai na juya na ce da Faransanci, ya ce ɗansa na fari, wane. Na faɗi sunan sumul kamar daga bakinsa ya fito.

Girefiye ya ajiye alƙalami. Ya ce, “Alhaji, Hausata ba ta da yawa, amma suna ba ya bukatar tafinta. Ban ji shi ba.”

Kunya ta rufe ni, sai ta koma haushi. Na ce masa da Zabarmanci, don shaidu kada su bi zancen, “Yallaɓai, kai ma kana da uba. Ka taɓa jin ya kira yayanka?”

Ya ce, “Ban taɓa ji ba. Amma gobe in ƴan'uwansa sun tsaya gaban alƙali suka ce tsoho bai ambaci kowa ba, tafinta ne ya cusa suna, limamin nan zai rantse da ƙarya? Ranar garkar za ta tafi, hatimina na kanta.”

Na tashi na je taga na komo. Girefiye ya nemi sauƙi. Ya miƙa alƙalami ko tsohon zai rubuta, amma bai iya boko ba, bai iya ajami ba. Ya ce to shi zai karanta sunan, tsohon ya ce i kawai. Ya karanta a fili. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi rufin kwano ya ce, “Zahin bana ya yi yawa.”

Mai gyaran keke ya fashe da dariya, liman ya zungure shi.

Ƙanen ya durƙusa gaban uban ya ce, “Baffa, ni dai sunana ba shi da nauyi, kullum kana jifana da shi tun daga bakin garke. In ka gaji a sa nawa mu tahi, mota na jira.”

Tsohon ya ce, “Kai? Kai da ka bar guga ta faɗa rijiya sau nawa?”

“To ka faɗi na mai rijiyar.”

Yaron mota ya leƙo ya ce direba na tambaya. Azahar ta yi, liman ya fara gyara zama. Ni kuwa na zauna, na tashi, na sake zama. A raina ina zagin takarda da wanda ya kawo ta ƙasar nan, ina kuma tuna garkar wani abokina da aka raba gida biyar bayan rasuwar ubansa, don dattawan da suka ji duk sun riga shi tafiya.

Na matsa kusa da tsohon na yi magana da Fulatancina mai gurgunta. Na ce masa ba wata dabara da ta rage. In bai faɗa ba, za mu tashi haka nan, garkar ta jira masu rabo. Na kuma gaya masa na gwada faɗa a madadinsa, an kama ni.

Ya daɗe yana kallon sandarsa. Sannan ya ce wa ƙanen, “Fita.” Ya fita ya ja ƙofa. Tsohon ya juya jikinsa a hankali har ya ba mu baya, fuskarsa na kallon kabad ɗin da ake ajiye manyan littattafai. Ya gyara murya sau biyu. Sai ya faɗi sunan, sau ɗaya, ƙasa ƙasa, da irin lafazinsu.

Girefiye ya dubi liman, liman ya ce ya ji. Mai keke ya ce ya ji, wannan karon ba dariya. Ni ba a tambaye ni komai ba.

Aka karanta takardar daga sama har ƙasa, ina fassarawa, sunan ya fito cikinta sau huɗu, kowane karo tsohon na kallon ƙasa. Ya dangwala yatsa, shaidu suka sa hannu, ni ma na sa, hatimi ya sauka. Asalin ya shiga kabad, aka ba su kwafi. Ƙanen ya naɗe ta cikin leda ya cusa cikin riga. Tsohon ya fita bai yi wa kowa sallama ba, yana goge yatsan a jikin rawaninsa. Sun sami motar.

Ya rasu cikin damanar nan. Ƴan'uwansa sun zo gari sau ɗaya, aka buɗe musu littafi, suka koma. Garkar tana hannun ɗan farin, ƙanen ke ban ruwa kafin yayan nasa ya komo. Daga rugarsu kuma, tun lokacin, ba a ƙara ba da gona a gindin itace ba. Duk mai bayarwa mota yake hawa ya zo Filinge ya faɗa da bakinsa gaban hatimi.