Dalolin Inna da na wanke

Kwanuka da tasoshi nake saidawa a kasuwar Malanville tun ban yi gemu ba. Abin da babana ya fara koya mini shi ne ba a baje kaya da dauɗa. Ko tasa ta shekara a rumfa, a goge ta da toka da tsamiya har mai saye ya ga fuskarshi ciki. Da wannan ilimi na ci abinci, na aurar da ɗiya, na je Makka. Da shi kuma na ɓata abin da Innarmu ta bar wa yayata.

Dalolin azurfa ne na zamanin Faransawa, manya, masu nauyi, irin waɗanda tsofaffi ke jefawa ƙasa su saurari ƙara. Ba su kai ashirin ba. Inna ta ɗinke su cikin wata ɗamara ta saƙi, da ita take ƙetare kogi zuwa Gaya saida goro. Zufa da man kaɗe da hayaƙin murhu sun mai da su baƙi ƙirin. Da ta rasu na ɗauki rumfa, yayata ta ɗauki ɗamara.

Shekarar da nake magana mijin yayata ya daɗe da rasuwa, ɗakinta na zuba, damina ta kusa. Sai rediyo ya yi shela wai masu tara tsofaffin kuɗɗi za su yi baje koli da gwanjo a zauren wani otal kusa da gada, duk mai tsohon kuɗi ya kawo. Ta aiko in zo. Na iske ta farke ɗamarar, dalolin na kan faifai.

"Auta," ta ce, don haka take kirana ko bayan na yi furfura, "kai su a gani. In sun kai kuɗɗin tol, kwanon rufin nan, saida. Amma ka maido min guda, ko wacce."

"Haka za ni kai su, Yaya, kamar an kankaro su daga gindin tukunya?"

"Haka Inna ta bar su."

"Inna goro ta sani. Ƙarfe kuwa bar ni da sana'ata."

Na jiƙa su cikin ruwan tsamiya a bayan rumfa, na bi su da toka. Waɗanda sunka yi taurin kai na sa musu rairayin kogi. Kafin azahar suna ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa kansu. Maƙwabcina mai saida bokitai ya leƙo ya ce, "Alhaji, yau sai ka sayi otal ɗin ma." Na ji daɗin maganar, ban ɓoye ba.

Ranar taro na sa babbar riga na hau kabu-kabu. Ban taɓa ganin manyan mutane sun taru kan shirme irin na ranar ba. Ga su daga Kwatano, daga Yamai, har da na Sakkwato, wasu cikin kwat a wannan zafi namu, suna zufa suna sunkuye kan tebura. Kowane kuɗi an sa shi cikin 'yar leda tashi shi kaɗai kamar maganin likita. Anini mai huji, wanda muke rataya wa akuya a wuya muna yara, an shimfiɗa mishi jan ƙyalle. Wani ƙato mai tumbi ya sa farar safar hannu kafin ya ɗauki tamma guda, wadda ko mai ƙosai ba za ta karɓa ba. Magana ƙasa-ƙasa suke yi kamar gidan gaisuwa. Na ce a raina, in waɗannan tarkace sun sami jan ƙyalle, nawa sai an kawo darduma.

Kafin gwanjo akwai teburin da ake duba kaya. Mai dubawa wani siriri ne daga Yamai, shina jin Hausa, da gilashi liƙe a ido irin na masu gyaran agogo. Na kwance hankici na zuba dalolin da ƙarfi don zaure ya ji ƙara. Zaure ya ji. Ya ɗauki guda, ya juya, ya kai ta ƙarƙashin gilashin.

"Alhaji, wa ya yi musu wanga aiki?"

"Ni, da hannuna."

"Da mi?"

"Tsamiya da toka. Da ɗan rairayi."

Ya faɗa wa mai tumbi da Faransanci. Mai tumbi ya dafe kai da safar hannunshi kamar an ce mishi uwarshi ta mutu.

"Baƙin nan da ka cire," in ji siririn, "shi muke saye."

"Dauɗa kuke saye?"

"Azurfa akwai ta ko'ina, Alhaji. Tsufa muke nema, shi kuwa ka wanke shi."

Ya miƙo mini gilashin. Na duba, sai ga fuskar dalar duk zane-zane kamar inda kaji sunka yi tono. Na mayar mishi na ce idona ba ya son gilashin wani.

Anka fara gwanjo. Wani mai mikoro, abin ƙara murya, ya hau bisa da 'yar gudumar katako wadda ba ta iya fasa gyaɗa. Masu saye ba sa buɗe baki su taya kamar mutane, sai dai su ɗaga kwali su sauke, fuska a ɗaure. Can anka kawo kayan wata tsohuwa daga garin Guéné, daloli irin nawa sak, sai dai baƙaƙe, suna warin man shanu tun daga nesa. Kwalaye sunka dinga tashi. Ita tana zaune bakin ƙofa tana tauna asuwaki, ba ta ma san nata ake yi ba. Da gudumar ta sauka, abin da anka ba ta kan guda uku ya isa rufin ɗakin yayata har da canji.

Sai nawa. Mai mikoro ya ɗaga su, sunka haske zauren. Ya faɗi farashi, shiru. Ya rage, shiru. Wani daga baya ya ce da yaren Dendi a kai su kasuwar amare a yi madubi, anka yi dariya, mai tumbi ma da ba ya jin Dendi ya yi. Na tashi na kwashe kayana.

A ƙofar otal akwai wani maƙerin azurfa daga Gaya, zaune ƙarƙashin iccen bedi da ma'auninshi. Ya san abin da yake jira, don ba ni kaɗai na wanke nawa ba a garin nan.

"Alhaji, sun ƙi ko? Kawo, ni ba ruwana da tsufa, nauyi nake saye."

Ba zan ce na manta da maganar yayata ba. Na tuna sarai. Guda na cikin tafina lokacin da ya aza sauran kan ma'auni. Amma dariyar zauren na kunnena, ban son ko ɗaya ta sake kwana a aljihuna. Na jefa ta kan 'yan'uwanta.

Kuɗɗin sun isa tol na rabin ɗaki kawai. Yayata ta karɓa ba ta ƙirga ba, ta buɗe hankicin ta kakkaɓe.

"Ina gudar?"

Na soma ba ta labarin masu safar hannu da sayen dauɗa, ina kwaikwayon mai tumbi don ta yi dariya. Ta bari na gama.

"Su, na ji nasu. Ina gudar?"

Ranar kasuwar Gaya na ƙetare gada na nemi maƙerin, na iske ya narka su. Ya nuna mini zobba da 'yan kunne a faranti ya ce in zaɓi wanda ya yi kama da uwata.

Na cika sauran tol daga aljihuna, ɗakin bai zuba ba daminar nan. Har yau in na ji ana maganar masu tara kuɗɗi sai in yi tsaki, don ban canza ra'ayi ba, mutanen banza ne masu sujada ga anini. Amma ba su sunka jiƙa tsamiya ba. Yayata ta rataye ɗamarar a ƙusa bisa gadonta, da shatin dalolin baƙi-baƙi a jikin saƙin, ba ta taɓa wanke ta ba. Ranar da anka gama rufi ta fito ta duba sama ta ce, "An gode, Alhaji." Da wannan suna ta kira ni har ta rasu.