Jinin da Na Kurkure

Abubuwa da yawa na zamana a Abijan sun shige mini duhu, amma satin da na ɓata aikin haƙorana da hannuna yana nan daram, ba zai gushe ba.

Lokacin ina limancin wani ƙaramin masallaci a Bromakoté, cikin unguwar Adjamé. Haƙorana biyu na gaba suka zube, karatu ya lalace, duk inda na zo kan harafin sinun sai fito ya fita. Na san in ban gyara ba limancin zai bar hannuna.

Babbar 'yata, mai ɗinki a Treichville, ita ta kai ni wurin wani likitan haƙori a can. Ya nuna mini 'yar kusa ta ƙarfen titaniyom da za a dasa a ƙashi ta riƙe sabon haƙori, ya ce an gyara jikinta da sinadari don ta riƙa jan jini. Ya dangwala wata a jinin dasashina in gani. Jinin ya hau ta da kansa, kamar shayi a jikin ƙwayar sukari. Ni dai ƙyama ce ta kama ni.

Da ya gama dasa kusoshin ya yi dogon bayani da Faransanci. 'Yar tawa, da Hausarta ba ta taɓa ƙoshi ba, ta taƙaita mini: "Baba, docteur ya ce jinin nan shi ne ciment, siminti ke nan, a kansa ƙashi zai kama ƙarfen. Faut pas, kada ka wanke baki, kwana uku."

Na ce to. A wurina wanke baki asuwaki ne, alwala kuwa daban.

Ina isa Adjamé aka kira azahar. Na ji gishirin jini a harshena, na ce ba zan tsaya gaban jama'a da najasa a baki ba. Na kurkure, na tofar, na sake, har ruwa ya fito fari. Haka na yi sau biyar kullum, ina ma yaba wa kaina tsafta.

Bayan 'yan makonni kusa ɗaya ta fara motsi. Likitan ya duba, ya tambayi yadda nake alwala, na kwatanta masa. Bai yi faɗa ba, ya dai sauke numfashi ya ɗauko abin cirewa. Ya ce sai ƙashi ya warke, watanni, sannan a sake daga farko.

A jirgin ruwan da ke tsallaka da mu tafkin birnin, muna komawa gida, 'yata ta ce, "Baba, kurkurar nan dole ce?"

Ba dole ba ce. Sunna ce, mai lalura yana iya barinta, ni na karantar da hakan shekara da shekaru. 

Kafin a sake dashen na'ibina ya riga ya zauna a limancin, kuma karatunsa ya fi nawa. Yau a bayansa nake salla da haƙora lafiyayyu. Abin da na koya shi ne, sauƙin da nake karanta wa mutane a littafi ni ma da ni ake, girman kai ne ya hana ni ɗauka.